Yadda Za Ka Ɗauki Fim ɗin Gwanin Unguwarku Tun Hannunsa Yana Aiki

Samarin da ke zuwa wurina neman shawara kan ɗaukar bidiyo, kusan dukkansu da maganar waya suke farawa: wace iri zan saya, mai ido nawa, ta jika nawa. Ni sana'ata ɗaukar biki da suna a nan Damagaram, kuma amsata ba ta cika yi musu daɗi ba. Nakan ce su bar maganar waya tukuna, su nemi wani fim mai minti 81 da wani Ba'amurke, David Gelb, ya ɗauka a Tokyo, babban birnin Japan, ya fito a 2011, sunansa Jiro Dreams of Sushi. Su kalle shi sau ɗaya don nishaɗi, su sake kallonsa da biro a hannu.

Ga wanda bai san sushi ba, loma ɗaya ce ta dafaffiyar shinkafa da aka sa wa ruwan tsami da gishiri, a dunƙule ta da yatsu, a ɗora mata yankan kifi a sama, galibi ɗanye. Kifin teku ne da aka zaɓa aka adana cikin sanyi, don haka kar wani ya karanta wannan ya je ya gwada da tarwaɗar tafki, ya kwana asibiti. Dattijon da fim ɗin ya bi, Jiro Ono, an haife shi a 1925, yana da shekara 85 lokacin ɗaukar, kuma tun yana ɗan shekara 7 yake aiki a gidan abinci. Shagonsa, Sukiyabashi Jiro, yana ƙarƙashin ƙasa a jikin tashar jirgin ƙasa ta Ginza, kujera 10 kacal. Littafin Michelin mai auna gidajen abinci ya ba shi tauraro 3 a 2007, wanda babu sama da shi. A lokacin da aka ɗauki fim ɗin, loma wajen 20 ake ba mutum, ya biya yen (kuɗin Japan) 30,000 zuwa sama, abin da ya haura jika 100 na sefa, kuma sai ya kama wuri tun wata guda kafin ranar. A 2014 can Shinzo Abe, firaministan Japan na lokacin, ya kai Barack Obama cin abincin dare.

Duk wannan labari ne mai daɗin ji, amma abin da nake so yaro ya lura da shi daban ne. Mutum ɗaya ne yake abu ɗaya kullum a ɗaki ɗaya, kuma an yi fim ɗin da ba ka iya tashi ka bar shi. Irin wannan mutum muna da shi a kowace unguwa. Akwai baduku a Birni da ya fi shekara hamsin yana ɗinkin fata, akwai majemi, akwai maƙeri, akwai magini mai zanen bango, akwai mai kilishi a Zango wanda ƴan Yamai ke aiko wa kuɗi. Abin da ake yi musu a Facebook da TikTok shi ne minti biyu na kirari, a ce "Baba, gaisa da masu kallo," a wuce. Ranar da ya kwanta dama, babu hoton yadda yake riƙe wuƙa. Zan yi misali da mai kilishi don shi na fi zama wurinsa, amma hanyar ɗaya ce ga kowace sana'a.

Mutum ɗaya

Gelb da farko fim ya so ya yi kan masu sushi da yawa a wurare daban-daban. Da ya ci abincin Jiro ya zauna da shi, sai ya watsar da sauran. Kai ma haka za ka yi. Kar ka ce za ka yi "sana'o'in Damagaram" gaba ɗaya, wannan aikin gidan talabijin ne kuma ba ya zama a ran kowa.

Wajen zaɓe, mai babban allo a bakin titi ba lallai shi ne gwanin ba. Je wurin ƴan sana'ar su kansu ka tambaye su a gefe: in za ka aika wa surukinka tsaraba, kuma naka ya ƙare, na wa za ka saya? Sunan da ya fito daga baki uku ko huɗu, shi ne mutuminka. Sannan ka duba ko yana da yara a ƙarƙashinsa, musamman ɗan cikinsa. Gwani shi kaɗai hoto ne mai kyau. Gwani da wanda zai gaje shi, nan labari yake.

Shiga

Ranar farko ka bar kayan aiki a gida. Ka sami wanda yake jin nauyinsa ya raka ka, mai unguwa ko limamin masallacinsu. In mahauci ne, ka fara gaida Sarkin Fawa, don a sana'ar da ke da sarauta ba a shiga ta taga. Ka riƙe goronka. Ka yi sallama, ka durƙusa, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, ka sayi kilishi da kuɗinka, ka tafi. Sai zuwa na gaba ka buɗe magana.

Abin da dattijo mai kilishin nan ya fara ce mini shi ne, "To ɗana, me za ka yi da hoton tsoho?" Na ce, "Baba, so nake jikokinka su ga yadda kake yanka." Ya yi shiru yana wasa wuƙa, can ya ce, "Yankan dai?" Na ce yankan dai. Ya ce, "In yanka ne, zo da asuba. Amma ranar haɗi ka ajiye abin naka a aljihu."

Wannan sharaɗi ka karɓe shi hannu biyu. Kowane mai kilishi yana da ma'aunin yajinsa da bai gaya wa ko yaransa ba sai wanda ya zaɓa, kuma da shi yake ci da iyalinsa. Fim ɗinka ba ya buƙatar sa. Bayan an gama haɗin, ka ɗauki turmi, ka ɗauki hannu yana juya kwaɓi, ka bar adadin. Wanda ya saci wannan da kyamara ya rufe ƙofa ga duk mai zuwa bayansa.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko, a fili. Za ka tsare masa wuri, za ka hana yaransa sauri, don haka ka faɗi abin da za ka iya bayarwa, in kuma fim ɗin ya kawo wani abu daga baya, a san rabonsa. Ka gaya masa inda za a gan shi: intanet, wato har Kano, har Faransa, har wayar abokin gabarsa. In ya yarda, ka ɗauki yardar tasa a bidiyo da bakinsa, gaban ɗansa ko wanda ya raka ka. A kasuwa da titi kuma ka kiyaye, kar kyamararka ta kalli bariki ko jami'an tsaro ko ginin hukuma, in kuma aikin babba ne ka nemi izini a wurin hukuma tun kafin a tambaye ka.

Ka san aikin kafin ka ɗauke shi

Nan ne yawancinmu ke gaggawa. Ka zauna kwanaki kana kallo kawai har ka iya faɗin abin da zai biyo baya kafin a yi shi. In ba haka ba kullum kyamararka tana zuwa bayan an gama.

Kilishi yana farawa tun duhu, a mayanka. Naman cinya ake so, jan tsoka marar kitse, don kitse ba ya bushewa, lalata kilishi yake. A cire jijiya da farar fatar da ke lulluɓe da tsokar. Sai yankan, wanda shi ne zuciyar sana'ar. Dattijon yana zaune a ƙasa, katako a gabansa, curin nama a hannun hagu. Ba ya yanka shi gunduwa-gunduwa, warware shi yake. Wuƙar tana shiga a kwance, tana tafiya kaɗan-kaɗan, hannun hagu yana juya curin, naman yana buɗewa yana sauka a cinyarsa falle ɗaya mai tsawo, siriri har kana ganin inuwar yatsunsa ta bayansa. Idonsa ma ba ya kan naman, yana kan titi yana amsa gaisuwa. Yatsun hagun ne ke gani, su ke jin kaurin da ya rage tsakaninsu da ƙarfe. Yaron da ke gefensa yana yin irin wannan motsi sak, amma nasa fallen yana hujewa nan da can, wani wuri kauri wani wuri yaga. In ka sa hannayen nan biyu a hoto ɗaya, ka gama bayanin shekara arba'in ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Daga nan a shimfiɗa a kan gadon kara a rana. Da hunturu ko bazara bushewa ba ta da wuya, da damina kuwa ana kokawa da laima da ƙuda, shi ya sa na fi so a ɗauki irin wannan fim tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ga rana ga sanyin da waya ke so. In ya bushe a ɓamɓare shi a hankali, a tsoma cikin labu, wato kwaɓin tunkuzar gyaɗa da citta da kanumfari da masoro da barkono da tafarnuwa da albasa da gishiri. A sake shanyawa. Sai a gasa sama-sama a kan garwashi, ɗan lokaci kaɗan, yadda gyaɗar za ta nuna ba ta ƙone ba. Kowane mataki a cikin waɗannan yana da lokacin da ake yanke hukunci: ya bushe ko da saura, kwaɓin ya yi ruwa ko ya yi daidai, a ɗauke daga wuta ko a ƙara. Waɗannan lokutan za ka yi kwanton ɓauna a kansu. Dubi yadda yake lanƙwasa gefen falle ya saurara, ko ya ɗiga labu daga yatsa ya kalli yadda yake zuba.

A fim ɗin Jiro ma abin da ke riƙe mai kallo ke nan. Ana nuna yaro yana murza wata halittar teku mai hannuwa 8 na minti 40 zuwa 50 don ta yi laushi, alhali da can minti 30 suke yi, dattijon ya ƙara. Ana nuna babban ɗansa zaune a ƙofar shago yana kaɗa ganyen ciyawar teku a kan garwashi, falle bayan falle. Ana nuna shinkafa da ake so ta isa bakin mai ci da ɗumin jikin mutum. Wanda bai zauna ya fahimci aikin ba, ba zai san waɗannan abubuwan ɗauka ne ba.

Kyamara

Wayar da ke hannunka ta isa in tana ɗaukar 1080, wato ma'aunin tsabtar hoto da za ka gani a saitin kyamararta. Ka kwantar da ita, kar ka tsayar. Ka goge idonta da gefen riga kowane lokaci, don ƙurar garin nan da maiƙon nama suna sa hoto ya yi hazo ba ka sani ba. Ka danna yatsa a kan allon ka riƙe har haske da saiti su kulle, in ba haka ba duk sanda farar riga ta gifta hoton zai yi duhu ya dawo. Kar ka jawo hoto da yatsu, ka matsa da ƙafarka. In babu ƙafar kyamara, buhun gero ko bulo ya isa ka jingina gwiwar hannu.

Kowane hoto ka riƙe shi aƙalla daƙiƙa 10 ba motsi, ko da ranka yana ce maka ya isa. Kowane aiki ka ɗauke shi ta fuska uku: daga nesa a ga wurin, daga kusa a ga hannu, sannan fuskarsa yana aikin. Da yake abu ɗaya yake maimaitawa kullum, abin da ya kuɓuce maka yau gobe yana nan, kuma wannan ita ce babbar garaɓasar ɗaukar mai sana'a a kan ɗaukar biki. Kar ka taɓa ce masa ya sake don kyamara. Da zarar ya fara yi maka wasan kwaikwayo, hannun ya canza.

Ɗaukar sannu-sannu, wadda waya ke yi da hoto 60 ko 120 a daƙiƙa, Gelb ya yi amfani da ita sosai, lomar sushi tana sauka a faranti tana ɗan nitsewa. Kyau gare ta, amma a ganina ya ɗan yawaita ta, kuma masu kwaikwayonsa sun mai da ita ciwo. Sau uku ko huɗu a fim ɗinka ya isa. Saurin hannun gwani shi kansa abin kallo ne, in ka rage shi kullum ka ɓoye gwanintar.

Haske mai kyau daga fitowar rana ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana ka shiga rumfa, ka sa hasken ya zo daga bayanka ko gefenka. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, waya takan yi zafi ta tsaya da kanta, don haka ka cire mata riga, ka ajiye ta a inuwa tsakanin ɗauka. Minti ɗaya na 1080 yakan ci wajen megabait 100, wani lokaci fiye, ka yi lissafin katinka. Kowane dare ka kwafe abin da ka ɗauka wuri biyu, kwamfuta da wani katin, ka rubuta kwanan wata da abin da ke ciki. Pawa bank cike, kullum.

Sauti ya fi hoto wuya, kuma shi ke tona asirin sabon shiga. Mutane za su jure hoto mai ɗan duhu, amma ba sa jure maganar da ba sa ji. Ka sayi ƙaramin mikro mai maƙalewa a wuyan riga. In babu, ka sa waya ta biyu a aljihun gaban rigarsa tana naɗar murya, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, da wannan tafin za ka daidaita murya da hoto daga baya. Iskar hunturu tana buga mikro, ɗan soso ko guntun safa ya rufe shi. Hira kuma kar ka yi ta a bakin titi inda kabu-kabu ke wucewa da injin niƙa, ka roƙi a shiga zaure. In an kira salla ka tsaya, a tafi masallaci. Sannan ka ware lokaci ka naɗi ƙarar aikin ita kaɗai: wuƙa a kan dutsen washi, falle yana ɓamɓaruwa daga kara, maiƙo yana ɗiga a garwashi.

Waɗanda ke kewaye da shi

In ka tambayi gwani yadda ya zama gwani, zai ce maka ikon Allah ne da albarkar iyaye. Gaskiya ya faɗa, amma fim ba zai tsaya a kan wannan kaɗai ba. Jiro ma da bakinsa ba ya faɗin abu mai yawa, maganarsa ba ta wuce a so aiki a yi ta maimaita shi ana gyarawa. Nauyin fim ɗin wasu ne suka ɗauka.

Akwai dillalin kifin tuna a kasuwar kifi ta Tsukiji a Tokyo, wadda aka tashe ta zuwa Toyosu a 2018. Yana haska tocila a yankan wutsiyar kifi, yana murza tsokar da yatsu, in bai sami wanda ya fi so ba ya koma hannu wofi. Akwai mai shinkafa da ya ƙi sayar wa wani babban otal irin wadda yake ba Jiro, don a ganinsa ba za su iya dafa ta ba. Kai ma ka bi naman baya. Ka tafi kasuwar dabbobi tare da wanda ke saya masa sa, ka ga inda yake dannawa a jikin dabba. Ka je kasuwar Dole ranar Alhamis wurin mai kayan yaji da ya san irin cittar da Baba ke karɓa da wadda zai mayar. Ka sami maƙerin da ke yi masa wuƙa. Waɗannan mutane za su faɗi abin da shi ba zai faɗa ba, har da tsiyarsa wajen ciniki, kuma mai kallo zai gane cewa gwani ɗaya yana tsaye ne a kan gwanaye biyar.

Sai yara. A shagon Jiro sabon yaro da matse tawul mai zafi yake farawa, sai ya iya wannan a bar shi ya taɓa kifi, kuma sai bayan wajen shekara 10 a ba shi wainar ƙwai. Ɗaya daga cikinsu, Daisuke Nakazawa, ya ba da labarin ya yi wainar nan fiye da sau 200 ana zubarwa, ranar da dattijon ya ɗanɗana ya ce ta yi, kuka ya yi. A 2013 ya buɗe nasa shagon a New York. Wurin mai kilishi ma akwai tsani irin wannan: korar ƙuda da wanke kwano, ɗaukar gadon kara, cire jijiya, tsoma labu, kafin a kai ga wuƙa. Ka tambayi kowane yaro a gefe, ba gaban maigidansa ba: me aka fara ba ka, yaushe aka fara barin ka yanka, me ya ce ranar da ka ɓata nama. Ka nemi wanda ya gudu ya koma kabu-kabu ko ya tafi Libiya ya dawo, shi ma yana da abin faɗa, kuma fim ɗin da babu muryarsa talla ne.

Ɗan gidan shi ne mafi wuya. A fim ɗin Jiro, babban ɗan, Yoshikazu, ya kai shekara 50 yana aiki ƙarƙashin ubansa, shi ke hawa keke zuwa kasuwar kifi tun da uban ya yi ciwon zuciya yana shekara 70. Ƙanensa Takashi ya fita ya buɗe nasa a Roppongi, wata unguwa a Tokyo. Tambayar da ke bin fim ɗin daga farko ita ce ko babban zai iya riƙe sunan, sai can kusa da ƙarshe aka bayyana cewa lokacin da masu binciken Michelin suka zo cin abinci, shi ne ya yi musu sushin. Gelb ya san wannan, ya ɓoye shi har inda zai fi tasiri. Ka koyi wannan riƙon.

A nan kuwa akwai kunya. Dattijo ba zai yabi ɗansa a gaban mutane ba, in ɗan fari ne ko sunansa ba zai kama ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan." Ɗan ma ba zai zauna kusa da uban ya yi dogon bayani ba. Kar ka tilasta musu zama tabarma ɗaya don hoto ya yi kyau. Ka raba hirar. Yabon uban kuma kar ka neme shi a baki, ka neme shi a aiki: ranar da ya miƙa wa ɗan wuƙarsa ya tashi alwala, ko baƙo ya zo da babban saye ya nuna ɗan da haɓa ya ce "ku yi magana da shi." In kana wurin kuma kyamara tana kunne, ka samu.

Akwai inda fim ɗin Jiro ya gaza, kuma ba na so ka gaji gazawar. Matarsa, uwar yaran nan da ta riƙe gida shekarun da yake fita tun asuba ya dawo dare, kusan babu ita a ciki. A sana'ar kilishi kuwa rabin ɗanɗanon daga cikin gida yake fitowa: mata ke soya gyaɗa, su kai niƙa, su matse mai, su fitar da tunkuza, sau da yawa su ke daka yajin. Kai namiji ba za ka shiga ba. Ka nemi izinin maigida da na matan su kansu, ka koya wa ƙanwarka ko matarka riƙon waya ta shiga ta ɗauko. In ba sa son fuska, hannu da murya sun isa. Mata masu wannan aiki ba baƙi ba ne a garin nan, Aïcha Macky ƴar Damagaram ce, kuma fim ɗinta Zinder na 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara ya zaga duniya.

Wajen tambaya, ka guji wadda amsarta e ko a'a ce, ka guji "yaya kake ji." Ka tambayi abu mai jiki. Baba, wa ya fara ba ka wuƙa? Nawa ake sayar da sa lokacin? Wace shekara ce nama ya fi wuya? Wannan tabon na yatsa fa? In ya gama amsa kar ka yi saurin jefa wata, ka yi shiru kana kallonsa, sau da yawa maganar gaske bayan shirun take fitowa.

Haɗawa

Montaj, wato yanka hotunan da haɗa su, yana cin lokaci fiye da ɗauka, ninki da yawa. CapCut ko KineMaster a waya sun isa ga gajeren fim, a kwamfuta akwai Shotcut da DaVinci Resolve na kyauta. Kafin ka taɓa su, ka saurari hirarrakin duka ka rubuta a takarda wa ya ce me, a minti na nawa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce fim ya bi nama ɗaya daga mayanka har ya shiga takardar mai saye, labarin mutanen yana shigowa a tsakani. Na farkonka kar ya wuce minti 15 zuwa 20. Hoton da ka fi so amma ba ya ciyar da labari gaba, cire shi.

Gelb ya sa kiɗan Turawa na gargajiya da na Philip Glass, mai maimaita kansa yana hawa a hankali, ya dace da aikin da ake maimaitawa. Kar ka ɗauko nasa, kar kuma ka ɗora waƙar wani mawaƙi ba izini, YouTube zai gane ta ya toshe ko ya karkatar da kuɗin. Kalangu tun asali kiɗan mahauta ne. Ka nemi makaɗin da ke yi wa mahautan unguwar kiɗa, ka biya shi, ka naɗi taken gidan a wuri marar hayaniya. Ka sa shi kaɗan, wurare da yawa ƙarar wuƙa ta fi kowane kiɗa. Fassarar Faransanci a ƙasan hoto za ta kai fim ɗin Yamai da waje, amma ka ba wanda ya iya harsunan biyu ya duba, kar a mai da maganar dattijo ta yara.

Kafin kowa ya gani, shi zai fara gani, a gidansa, tare da wanda ya ga dama. Ka kai kwamfuta ko ka haɗa da talabijin ɗin gidan. In ya ce a cire wani wuri, ka tambayi dalili, in ya dage ka cire. Sannan ka ba iyalin kwafi a kati, da ɗanyen hirar gaba ɗaya wadda ba a yanke ba, don su ita za ta fi yi wa amfani. In za ka tura wa ɗansa ta WhatsApp, ka tura a matsayin takarda, in ka tura a matsayin bidiyo manhajar za ta matse shi hoton ya dushe, siririn yankan da ka sha wahalar ɗauka ba zai fito ba.